Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Matashin Marubuci Da Dogon Hutu

Gabatarwa

Duk wanda ya yi zama da ɗaliban Hausa, ko a sakandare ne ko a kwalejin ilimi ko kuwa a jami'a, ya san da wuya a rasa wani daga cikinsu wanda ke da littafin rubutu a ɓoye cikin akwati, wanda ya soma ƙaga labari a ciki. Abin baƙin ciki shi ne, kaɗan ne daga cikin irin waɗannan labarai ke kaiwa ƙarshe. Akan soma su da zafi a tsakiyar zangon karatu, sai jarrabawa ta ƙarato ta tsayar da su, mai labari kuwa ya yi wa kansa alkawari cewa da zarar an ba da dogon hutu zai zauna ya kammala. Hutu ya zo ya wuce, a komo makaranta, labari na nan a babi na biyu inda aka bar shi. In aka yi haka sau biyu ko sau uku, sai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa dama shi ba marubuci ba ne, ya mayar da wuƙarsa cikin kube. Ta haka adabin Hausa ke asarar marubuta tun kafin a san da su.

Makasudin wannan maƙala shi ne a yi bayanin dalilan da ke jawo haka, a kuma nuna hanyar da matashin marubuci zai bi ya fita hutu da kammalallen labari a hannu. Za a waiwayi tarihin ƙagaggun labaran Hausa domin a ga yadda na gaba suka yi, sa'an nan a duba irin kayan aikin da hutu ke tanadar wa marubuci, da yadda zai tsara lokacinsa, da kuma yadda zai gyara abin da ya rubuta. Abin da ake nufi da dogon hutu a nan shi ne hutun ƙarshen shekarar karatu, wanda a makarantun sakandare yakan faɗo daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, watau tsakiyar damina. A jami'o'i kuwa lokacinsa yakan sassauya, musamman bayan dogayen yajin aikin malamai irin na 2020 da na 2022, amma bayanin da za a yi ya shafi kowane hutu mai ɗan tsawo.

Abubuwan Da Ke Kashe Labari A Lokacin Hutu

Abu na farko shi ne rashin wa'adi. A makaranta komai yana da ranarsa: ranar miƙa aikin gida, ranar gwaji, ranar jarrabawa. Ɗalibi ya saba da yin aiki ne domin akwai wanda ke jira. Ƙagaggen labari kuwa babu mai jiran sa, babu malamin da zai rage maki in bai zo ba. Saboda haka sai yau ta zama gobe, gobe ta zama jibi, har mako shida ko takwas su shuɗe. Yawan lokaci kansa yakan zama tarko, domin mai ganin yana da wata biyu a gaba ba ya jin zafin asarar yini guda.

Abu na biyu shi ne hidimar gida. Kalmar hutu a wurin yawancin ɗalibanmu suna ce kawai. Saurayin da ya koma ƙauye yakan tarar da maimai da huɗa suna jiran sa, wanda ke birni kuwa a tura shi shago ko wurin koyon sana'a. Budurwa ta tarar da girki da wanki da renon ƙanne. Wannan nauyi ne na gaske, ba kuma wanda zai ce a yar da shi domin rubutu. Sai dai za a ga nan gaba cewa wannan hidima tana da amfanin da marubuci bai cika lura da shi ba.

Abu na uku shi ne jiran baiwa ta sauko. Matasa da yawa sun ɗauka cewa marubuci yakan zauna ne sai fasaha ta zo masa kamar saukar ruwan sama, sa'an nan ya kama rubutu. In ya zauna yau bai ji komai ba sai ya rufe littafi, ya ce sai ta zo. Alhali kuwa fasahar rubutu ta fi kama da rijiya: sai ana ɗiba take kawo ruwa, in an bar ta sai ta cushe.

Abu na huɗu shi ne kunya. Har yanzu akwai gidajen da ake ganin ƙaga labari wasan yara ne, ko ma shirya ƙarya. Yaron da aka gani yana bitar lissafi akan yaba masa, wanda aka gani yana rubuta labari kuwa akan ce ba shi da aikin yi. Daɗin daɗawa, ga wayar hannu, wadda ke cinye ɗan lokacin da ya rage bayan an gama hidima.

Darasi Daga Tarihi

Wannan kunya da aka ambata ba sabuwa ba ce. A shekarar 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, babbar wahalar da ya ci karo da ita ita ce, malamai na ganin rubutu abu ne na ilimi da wa'azi, ƙagen labari kuwa tatsuniya ce, ta mata da yara. Duk da haka gasar da aka shirya ta haifar da littattafai biyar waɗanda har gobe su ne harsashin wannan fanni: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Abin lura a nan shi ne shekarun waɗansu daga cikin marubutan. An haifi Abubakar Imam a 1911, watau yana da shekara 22 ke nan lokacin gasar, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, shi ma matashin malamin makaranta ne a Bauchi. Ashe ke nan sa'o'in ɗaliban jami'a na yau ne, kuma ba su da wani littafin ƙagaggen labari na Hausa da za su duba su kwaikwaya. Abin da suke da shi shi ne tatsuniyoyi da tarihin da suka ji a gida, da littattafan Larabci da na Turanci da suka karanta, sa'an nan ga ranar da aka yanka musu ta miƙa aiki. A 1936 kuma aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya, inda ya zauna wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Aikin da ake ta nazari yau fiye da shekara tamanin, an yi shi ne cikin ƙayyadadden lokaci, da zama na kullum.

Haka abin ya maimaita kansa daga baya. Gasar da Kamfanin Buga Littattafai na Arewa da ke Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ita ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wadda ake ɗauka ita ce mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. An buga su a 1980. Wata gasar kuma ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta samar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda suka fito a 1982. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya soma gasar gajerun labarai ta mata zalla mai suna Hikayata, inda Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya a karon farko da labarinta Sansani.

Ba gasa kaɗai ke sa a yi rubutu ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da tattalin arziki ya karye, kamfanoni suka ja baya da buga ƙagaggun labarai, matasa a Kano da waɗansu garuruwa sun shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suka kuma kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama domin su riƙa duba aikin juna. Cikinsu akwai Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya, ta kuwa fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Akwai kuma Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. In har waɗannan sun sami sukunin yin rubutu a cikin hidimar rayuwa, to ɗalibin Sashen Hausa, wanda aka koya wa jigo da salo da zubi da tsari, ba shi da hanzarin da zai kawo.

Darasin da ke cikin wannan tarihi guda ne. Littattafan da muke alfahari da su sun samu ne domin wani ya yanka wa marubutan wa'adi, ko kuwa sun yanka wa kansu, kuma akwai wanda ke jira ya karanta. Waɗannan abubuwa biyu su ne hutu ke raba ɗalibi da su, su ne kuma ya wajaba ya samar wa kansa.

Hutu Lokacin Tara Kayan Aiki Ne

Kafin a zo ga tsarin lokaci, ya kamata a dubi wata fa'ida ta hutu wadda makaranta ba ta iya bayarwa. Hausar da ake yi a ɗakin kwanan ɗalibai Hausa ce mai gauraye, kuma duk masu yin ta kusan shekarunsu ɗaya, damuwarsu ɗaya. Wannan ne ya sa labaran ɗalibai da yawa suke kama da juna: saurayi da budurwa sun haɗu a makaranta, iyaye sun hana, sai kuka. Wanda ya koma gida kuwa ya koma inda harshen ke da rai. A zaure zai ji yadda dattawa ke warware rikicin iyakar gona, a kasuwa ya ji yadda dillali ke sasanta mai saye da mai sayarwa, a gidan biki ya ji habaici da zambo, a gidan makoki kuma ya ga yadda ake faɗin magana mai nauyi da kalmomi kaɗan.

Saboda haka aikin farko na marubuci a lokacin hutu shi ne saurare. Ya kamata ya riƙe ɗan ƙaramin littafi a aljihu, ko ya yi amfani da wayarsa, ya riƙa rubuta abin da kunnensa ya tsinta a ranar da ya ji shi: wata karin magana da bai taɓa ji ba, sunan wani haki ko wata cutar gero, yadda tsohuwa ta amsa gaisuwa tana fushi. Ya lura da abubuwan da ba a faɗa, domin a al'adar Bahaushe su ne suka fi nauyi. Alal misali, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace a gidaje da yawa ba ta kiran sunan mijinta, ɗa ba ya haɗa ido da mahaifinsa in ana yi masa faɗa. Marubucin da ya san haka zai iya nuna ƙaunar uwa ga ɗanta ba tare da ya sa ta faɗi ko kalma guda ta ƙauna ba, mai karatu kuwa ya ji abin har cikin ransa.

A nan ne hidimar da aka ambata a baya take zama riba. Wanda ya yi noman firi da hannunsa ya san nauyin fartanya da ƙamshin ƙasa bayan ruwa, ya san yadda marka ke tsare mutane a ɗaka kwana biyu, ya kuma san ɗanɗanon tumu. Wadda ta tashi da asuba ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace ta san abin da za ta rubuta in tauraruwarta ta shiga madafa. Irin wannan sani ba a samun sa a laburare. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gina Shaihu Umar a kan zamanin bauta, wanda a lokacinsa akwai masu rai da suka gan shi da idonsu, Bello Kagara kuma ya ɗora farkon Ganɗoki a kan zuwan Turawa da yaƙe-yaƙen da aka yi da su. Kowannensu ya ɗebo ne daga abin da ke bakin mutanen zamaninsa. Haka nan marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi Da Wasanni daga bakin jama'a. Tsofaffin da ke gidajenmu yau su ma suna da nasu, kuma ba za su dawwama ba.

Sai dai akwai gargaɗi guda. Tara kayan aiki daban, tona asirin mutane daban. Marubuci ba ya kwashe rikicin gidan maƙwabcinsa ya zuba a takarda yadda kowa a unguwa zai gane. Yakan ɗauki hali daga nan, magana daga can, ya sauya suna da gari, har abin ya zama nasa.

Yadda Za A Tsara Aikin

Mataki na farko shi ne a rage buri. Ɗalibin da ya ce zai rubuta littafi mai babi talatin cikin mako shida, ga gona ga shago, ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Ya fi kyau ya ƙudurta kammala gajeren labari guda, ko kuwa babi uku na dogon labarin da ya riga ya soma. Gajeren labarin da aka kai ƙarshensa ya fi koya wa mutum rubutu bisa ga dogon da aka yar a hanya, domin a wurin rufe labari ne marubuci ke gane ko ya san abin da yake so ya faɗa.

Mataki na biyu shi ne a san ƙashin bayan labarin tun kafin a soma. Ana iya gwada wannan da tambayoyi huɗu: wane ne tauraro, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa in bai samu ba? A ɗauki misali. A ce Tanko yaro ne ɗan shekara 17, mahaifinsa ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, aka ba shi sa guda daga cikin shanun huɗa ya kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayar domin a biya kuɗin asibiti. Ya sayar, amma a hanyar komowa ya tarar kuɗin ba su cika ba, domin ya amince da wanda bai kamata ba. Yanzu ko dai ya koma gida ya faɗi gaskiya a gaban mahaifiyarsa da baffansa, ko ya shirya ƙarya, ko kuwa ya bi motar da za ta Kano. Duk tambayoyin nan huɗu sun sami amsa. Jigo kuma, ko na amana ne ko na talauci ko na girma kafin lokaci, zai fito da kansa daga zaɓin da Tanko ya yi, ba sai marubuci ya tsaya yana wa'azi ba.

Mataki na uku shi ne a yanka labarin gunduwa-gunduwa. Labarin Tanko ana iya raba shi gida shida: daren da aka yanke shawarar sayar da san, tafiya kasuwa, ciniki, gano asara, daren da ya kwana a tasha yana saƙa da warwara, da kuma shigarsa gida. Kowane yanki aikin 'yan kwanaki ne. Amfanin haka shi ne, duk ranar da marubuci ya zauna ya san inda zai kama, ba ya ɓata rabin lokacinsa yana kallon farar takarda.

Mataki na huɗu, wanda shi ne uwa uba, shi ne a ware lokaci guda a kullum, kome ƙanƙantarsa. Ga mai zuwa gona, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an taso da rana, ko kuwa da dare kafin barci. Ga mai hidimar gida, wataƙila da hantsi bayan an gama aikin safe. Rabin sa'a ya isa, muddin ba a fasa ba. Lissafin mai sauƙi ne: wanda ya rubuta shafi ɗaya a kullum na kwana 40 ya tara shafi 40, wanda ya rubuta biyu ya tara 80. Da yayyafi kogi kan cika. Yana da kyau kuma a dakata a inda aka san abin da zai biyo baya, domin gobe a sami bakin zaren cikin sauƙi. In wata rana ta kuɓuce saboda biki ko rashin lafiya, sai a ci gaba washegari, kada a ce tunda an fasa yau an fasa ke nan.

Game da kayan rubutu, littafi da biro sun wadatar, ba su kuma bukatar lantarki. Mai rubutu a waya kuwa ya rufe intanet muddin yana aiki. Haka nan ya yi hattara da ɗabi'ar sakin labari babi-babi a WhatsApp ko Facebook tun bai kammala ba. Ko da yake hanyar ta fito da marubuta da dama, ta kuma ba su masu karatu nan take, tana da illa ga mai koyo: abin da ya riga ya fita ba ya gyaruwa, kuma sau da yawa masu karatu kan ja labarin zuwa inda suke so, har marubuci ya manta inda ya nufa tun farko.

Gyara Da Ƙa'idojin Rubutu

Kada a haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya. Wanda ke goge kowace jimla da zarar ya rubuta ta ba zai wuce shafin farko ba. A bari sai an kai ƙarshe, a ajiye labarin kwana uku ko huɗu, sa'an nan a ɗauko shi a karanta da ƙarfi kamar ana karanta wa wani. Kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Duk inda harshe ya sarƙe, ko aka ji maganar ba irin wadda Bahaushe zai faɗa ba ce, to akwai gyara. A nan ne ake gane jimlolin da aka yi tunaninsu da Turanci aka zuba da Hausa, a nan ne kuma ake gane inda aka sa tsohon manomi yana magana kamar malamin jami'a.

Bayan haka sai a duba ƙa'idojin rubutu, waɗanda aka sha zama a kansu, ciki har da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Kurakuran da suka fi yawa su ne na haɗe kalmomi da raba su. Ana rubuta "ya ce" da "shi ne" da "za su" a rabe, amma "yana" da "yakan" da "gidansa" a haɗe. Akwai bambanci tsakanin "a kan" mai nuna wuri da "akan" mai nuna sabo. Haka nan baƙaƙe masu ƙugiya ba ado ba ne, domin kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban, kare daban ƙare daban. In aka yi shakkar wata kalma sai a duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006. Dangane da karin harshe kuwa, abin da ya fi dacewa shi ne a ba da labari da daidaitacciyar Hausa, amma a bar Basakkwace ko Badamagare ya yi maganarsa da bakinsa in ya buɗe baki a cikin labarin, gwargwadon yadda mai karatu zai fahimta.

Mai Karatu Na Farko

An riga an nuna cewa rubutu yana bukatar mai jira. Saboda haka, kafin a watse hutu, ya kamata ɗalibai biyu ko uku su ƙulla alkawari cewa a rana kaza kowa zai miƙa wa ɗan'uwansa abin da ya rubuta. Mai karatu na farko ya zama wanda zai faɗi gaskiya cikin ladabi, ya nuna inda ya gaji, da inda bai gane ba, da inda ya ƙi yarda cewa mutum zai aikata haka. Yabo zalla ba ya gina marubuci, kushe zalla kuma yakan karya shi. Wanda ke nesa da abokan karatu yana iya karanta wa ƙannensa da dare, domin yara ba su iya munafunci ba: in labari ya yi daɗi za su ce a ci gaba, in bai yi ba barci zai kwashe su.

A nan akwai nauyi a kan manya. Ƙungiyoyin Hausa na makarantu suna iya sanar da ƙaramar gasa kafin a tafi hutu, a karɓi labarai a makon farko na komowa, a karanta waɗanda suka yi fice a bainar ɗalibai, a kuma buga su a mujallar sashe. Ba sai an tanadi babbar kyauta ba, ganin sunan mutum a takarda kaɗai ya isa ya sa shi sake ɗaukar alƙalami. Ɗaliban jami'a kuma da suka koma garuruwansu su nemi ƙannensu na sakandare masu sha'awar rubutu, su ara musu littattafai, su duba musu abin da suka rubuta. Iyaye su ma in sun ga yaro ya gama aikin da aka sa shi ya zauna yana rubutu, su ƙyale shi, domin shi ma karatu yake yi.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa abin da ke hana labaran matasa kammaluwa a lokacin hutu ya fi danganta ga rashin wa'adi da rashin mai jira bisa ga rashin baiwa, kuma tarihin ƙagaggun labaran Hausa tun daga 1933 ya tabbatar da haka. An kuma ga cewa komawa gida dama ce ta tara harshe da halayen mutane, sa'an nan aka kawo matakan tsara aiki da na gyara. Sassan Hausa na jami'o'inmu suna yaye masu nazarin adabi kowace shekara, amma nazari ba ya yiwuwa sai da abin nazarta, kuma rayuwar Bahaushe ta yau, da ƙauranta zuwa birane da rashin tsaronta da sauyin aurenta da sana'o'inta, tana bukatar masu rubuta ta daga cikin waɗanda suke cikinta. Saboda haka duk mai labari a akwati ya fito da shi tun daren da ya isa gida, ya rubuta ranar da zai kammala a bangon littafin, ya kuma faɗa wa mutum guda wannan rana.